Yadda Ake Riƙon Dattijon Da Tashin Hankali Ya Raba Da Gidansa

Wanda ya ɗauko mahaifinsa daga wani ƙauye a ƙasar Zurmi ko Batsari ko Sabon Birni saboda 'yan bindiga, ko ya tsamo kakarsa daga ruwan da ya malale Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024, yakan ji ya sauke nauyin da ke kansa. Tsoho ya tsira da ransa, ga ɗaki, ga tuwo safe da dare. Sai a yi wata ɗaya, biyu, a ga mutum yana zubewa. Kwano na dawowa yadda aka kai shi. Dattijon da a garinsu ba a ɗaura aure sai ya iso, yanzu sai ya wuni a kan tabarma bai ce uffan ba. In ka tambaye shi ko wani wuri na ciwo, ya ce: "Babu komai, ɗan nan. Mu ai jiran lokaci muke."

Akasarin mutanen da rikici ya kora a arewa ba a sansani suke ba. Suna raɓe ne a gidajen 'yan uwa a Gusau da Katsina da Sakkwato da Kaduna, da garuruwan jihar Maraɗi irin su Gidan Runji, inda mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka riƙa tsallakawa tun 2019. Ke nan wannan aiki a wuyan 'ya'ya da jikoki da surukai yake. Mu kuwa mun iya ciyar da tsoho, abin da ba mu iya ba shi ne bar masa girmansa. Rikici ya raba shi da gona da rumbu da maƙwabta, mu kuma don tausayi sai mu ƙarasa raba shi da abin da ya rage masa, wato a ce ana bukatarsa. Abin da ke biye hanya ce ta kauce wa hakan.

Mataki na farko: a duba jiki a makon da ya iso

Wanda ya gudo da dare ba ya tsayawa ɗaukar magani. Tambaye shi tun ranar farko ko yana shan maganin hawan jini ko na ciwon suga ko na asma, da kuma ranar da ya sha na ƙarshe. In bai san sunan maganin ba, a duba aljihun rigarsa ko ƙullin zanen tsohuwa, sau da yawa akan samu fankon kwalin. A kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna jini da suga, kada a jira sai ya faɗi. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye wa mutum ɓarin jiki.

Sai ƙananan kayan da matashi ba ya tunawa da su: tabarau, sanda, takalmin da ba ya santsi, tocila ta zuwa banɗaki da dare, carbi, rediyo. Tsohon da ya bar tabaransa a ƙauye ba zai iya duba Alƙur'aninsa ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa maka ba. In layin wayarsa ya ɓata, a je da lambarsa ta NIN a yi masa welkam-bak, domin ta tsohuwar lambar nan mutanen garinsu za su neme shi, ta nan kuma saƙon banki ko na fansho yake shigowa.

Abu guda a nan ba ya jira. In tsohon da jiya yake cikin hankalinsa ya wayi gari yana sambatu, bai gane jikansa ba, ko yana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, kada a ce tsufa ne, kada a ce iska ce. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya ga tsoho yawanci alamar wata cuta ce a jiki: zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, cutar mafitsara, ƙarancin ruwa, ko faɗuwar suga. Asibiti za a nufa a ranar. Haka in amai da gudawa suka kama shi, musamman bayan ambaliya: a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, ana kan hanya.

Mataki na biyu: a ba shi wurin da yake nasa

Ko gidan ɗaki biyu ne, a ware masa kusurwa da ba wanda zai taɓa: shimfiɗarsa, butarsa, ƙusar rataye riga, akwati ko jaka mai makulli, makullin kuma a hannunsa. Kada a riƙa ɗaga shi daga falo zuwa zaure duk lokacin da aka yi baƙi.

Akwai matsala da ba a cika faɗa ba. Dattijon da ya sauka gidan ɗansa yana da sauƙi. Wanda ƙaddara ta kai gidan mijin 'yarsa kuwa, kowace loma da kunya yake haɗiye ta. In kai ne surukin, kada ka tsaya jiran ya saba, ba zai saba ba. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi kowace safiya kamar yadda za ka yi da a ce kai ka je gidansa, ka riƙa sanar da shi in za ka yi tafiya, abincinsa kuma ya fito ta hannun 'yarsa ko jikokinsa ba tare da an yi ta sanarwa ba. In da hali, a nema masa ɗaki mai ƙofa ta waje, ko shago a maƙwabta, ya fi masa kwanciyar rai fiye da ɗaki mai fanka a tsakiyar gidan suruki.

Mataki na uku: a saurara, kada a tatsa, kada a toshe

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2011 kan taimakon gaggawa ga waɗanda bala'i ya girgiza, ta yi gargaɗin kada a matsa wa mutum sai ya ba da labarin abin da ya gani. Mu kuwa kowane mai zuwa jaje sai ya ce, "Baba, yaya abin ya faru?" Tsoho ya maimaita yadda aka harbi ɗan ƙaninsa a gabansa sau goma a wuni guda, dare ya yi barci ya gagara. Aikinka ne ka tare wannan. Ka faɗa wa masu zuwa tun a ƙofa: a gaisa, a yi addu'a, kada a tono.

Ɗaya kuskuren kishiyar wannan ne. Ran da shi da kansa ya buɗe baki, sai a yi caa a kansa: "A yi haƙuri, Baba, a bar tunawa, ƙaddara ce." Ya fi ka sanin ƙaddara ce, shi ya koya maka. Ka zauna ƙasa da inda yake zaune, ka ajiye waya, ka bar shi ya kai aya. In ya yi hawaye, kada ka rikice. Annabi Yaƙuba ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a aya ta 84 cikin Suratu Yusuf, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Kewar gida da kukan rashi ba raunin imani ba ne, kada wani ɗan wa'azin cikin gida ya ɗora wa tsoho wannan laifi a kan abin da ke damunsa.

Batun ɓoye mutuwa kuma, ra'ayina a kai ba ya canzawa: kada a ɓoye. Ana iya jinkirta labari na 'yan sa'o'i har a samu wani babba da zai faɗa masa a natse, bayan ya ci abinci ya sha maganinsa. Amma a ɓoye masa rasuwar ƙaninsa wata uku, ya zo ya ji a bakin mai tallan goro, ranar zai gane cewa an cire shi daga sahun manya. In kuma akwai wanda ya ɓace ba a san inda yake ba, ƙungiyar Red Cross tana da sashen neman dangin da rikici ya raba, kyauta ne. A je da tsohon a yi rajista da bakinsa, shi ya fi kowa sanin sunaye da kamanni.

Mataki na huɗu: a ba shi aiki na gaske

Nan ne gaɓar, kuma nan aka fi faɗuwa. Kalmar da ta fi kashe wa tsoho jiki ita ce wadda muke faɗa da kyakkyawar niyya: "Ku zauna ku huta, Baba, mu za mu yi."

A 1976 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Ellen Langer da Judith Rodin, sun yi gwaji a wani gidan kula da tsofaffi a jihar Konetikat. Tsofaffin wani hawa aka ce musu su za su zaɓi yadda za a jera ɗakinsu da daren da za su kalli fim, aka kuma ba kowa shuka a tukunya aka ce shi zai kula da ita. Na wani hawan aka ce musu ma'aikata za su yi musu komai, har ban ruwan shukar. Bayan mako uku, waɗanda aka ɗora wa nauyi sun fi walwala da kazar-kazar da shiga mutane. Tukunyar shuka ce fa da ɗan zaɓi kawai. To ina ga mutumin da ya shekara hamsin yana ciyar da gida da fartanyarsa?

Sharaɗin shi ne aikin ya zama na gaske, wanda in bai yi ba za a ga giɓi. Tsoho yana gane aikin da aka ƙirƙiro don a rarrashe shi, kuma yana jin cin fuska a ciki. Sannan yadda aka nema ya fi aikin kansa muhimmanci. Kada ka ce, "Baba ga abin da zai ɗebe muku kewa." Ka zo da bukata:

"Baba, wannan masarar da na sayo buhu biyu, ina tsoron ƙwari. Yaya kuke ajiye taku ta kai damina?"

Zai ce a kawo ya gani. Zai zura hannu cikin buhun, ya ɗebo, ya ciza ƙwaya ɗaya da haƙorin da ya rage masa, ya ce ba ta gama bushewa ba, an cuce ka, a shanya ta kwana biyu tukuna. Ka yi yadda ya ce, a gabansa. Gobe shi zai tashi yara su fito da ita rana, shi zai zauna korar kaji. Daga ranar, ajiyar hatsin gidan ta koma hannunsa, kuma kada ka sake sayen hatsi ba ka je da shi kasuwa ba, ko aƙalla ka kawo masa samfuri.

Manomi ko makiyayi, a nema masa abin da ke tsiro ko abin da ke numfashi. Ko babu fili, buhunan siminti biyar da aka cika da ƙasa da taki suna ɗaukar alayyafo da yakuwa da kuɓewa, zogale kuma a jikin katanga. Tunkiya ɗaya ta kiwon layya, ko kaji 'yan kaɗan, sun isa su tashe shi da asuba da dalili. Mai sana'ar hannu a sayo masa kayan aikinsa: kaba ga mai saƙar tabarma ko tufkar igiya, zare da allura ga mai ɗinkin hula. Malamin allo a tara masa yaran layi bayan magariba, ko su biyar ne.

Tsohuwa takan fi saurin samun abin yi, amma ita ma akwai tarko. Kada a mayar da ita 'yar raino, a jibge mata yara a fice tun safe, wannan bauta ce. A ba ta abin da ita ce gwanarsa. Ita ta san yadda ake daddawar kalwa da ƙuli-ƙuli da man shanu, ita ta san kunun kanwar mai jego da ranar da za a yi wa jariri aski. Matar gida ta ce, "Inna, ni fa miyar kukata ba ta kama taku, ku nuna mini," ta kuma bar mata murhu ranar ba tare da tsoma baki ba. Na san wannan yana da wuya ga macen da aka shigo mata gida, madafa ba ta son sarauniya biyu. A raba kwana: ranar Juma'a, misali, tukunya ta Inna ce.

Sai kuɗi. Duk abin da ya fito daga aikinsa nasa ne, kada a karɓa "a ajiye masa". In babu abin da ke shigowa, a riƙa sa masa wani abu a aljihu a asirce, ko yaya yake. Ba don ya sayi abinci ba. Don in jika ya gaishe shi ya samu abin miƙa masa, in an yi rasuwa ya yi sadaka, in an zo da goron ɗaurin aure ya sa albarka da hannunsa. Mutumin da ya saba bayarwa, ranar da hannunsa ya koma na karɓa kaɗai, ranar tsufa ke kama shi da gaske.

Kuma a mayar masa da kujerar shawara. Za a sa ranar auren 'yarka, ko an samu saɓani tsakaninka da ƙaninka, ko za a raɗa wa jariri suna: a fara da shi, a gaban mutane. Ba dole ne a bi duk abin da ya ce ba, amma in za a saɓa, a koma a yi masa bayani.

Mataki na biyar: a haɗa shi da sa'o'insa

Jikoki ba sa maye gurbin aboki. A gano masallacin da ya fi kusa, a sa yaro ya riƙa raka shi har ya gane hanya, a gabatar da shi ga liman da mai unguwa da sunansa da matsayinsa na garinsu, ba da sunan "ɗan gudun hijira" ba. In ƙafa ta ƙi, hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya ba da sauƙi: a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Tsohuwa a nema mata islamiyyar matan aure ta unguwa. In Kirista ne, a sanar da fasto, tsohuwa kuma a sada ta da zumuntar mata.

Abin da ya fi duka aiki shi ne a nemo mutanen garinsu. A kowane babban gari akwai inda suke taruwa, galibi tashar motar da ke zuwa yankinsu ko wata rumfa a kasuwar hatsi. Kuɗin Keke Napep na kai shi can sau ɗaya a mako ya fi maganin ƙarin jini amfani. A can zai ji wa ya rasu, wa ya koma, wa ya aurar da 'ya, a kuma kira shi da laƙabin da rabonsa da ji tun barinsa gida.

Mataki na shida: a tace abin da ke shiga kunnensa

Kada a hana shi rediyo, labaran safe da na yamma suna daidaita masa wuni. Abin da za a hana shi ne yaran gida su riƙa tura masa waya a fuska: "Kaka, kalli abin da aka yi a garinku." Bidiyon gawarwaki da muryoyin WhatsApp da ba a san asalinsu ba ba su da wani amfani gare shi. In an sace wani nasa ana cinikin fansa, a sanar da shi halin da ake ciki, amma kada a bar shi shi ke ɗaukar kiran masu garkuwa.

Mataki na bakwai: a san lokacin da abin ya wuce na gida

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da aka yi rikici yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko firgici. Ba abin kunya ba ne, kuma ba hauka ba ne. In tsoho ya haura mako biyu ba ya cin abinci sosai, ba ya barci ko yana farkawa a firgice, ya daina wanka da abin da ya saba so, yana ramewa, a kai shi ga likita. In ya fara cewa gara ya mutu, ko shi kaya ne a kanku, ko ya ƙi shan magani da gangan, kada a kwana: a kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga ɗakinsa, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Addu'a da magani ba sa karo, a haɗa su.

Kada a je kemis a sayo masa maganin barci irin su diazepam ba da takardar likita ba. Ga tsoho yana kawo jiri da ruɗewa da faɗuwa, karayar ƙugu kuwa ta kwantar da tsofaffi da yawa kwanciyar da ba su tashi ba.

Mai riƙon ma mutum ne. In duk nauyin ya taru a kan mace ɗaya, wata rana za ta ɗaga wa tsoho murya, abin da aya ta 23 ta Suratul Isra'i ta hana ko da "tir" ne. 'Yan uwa su zauna su raba: wane magani, wane hatsi, wance za ta karɓe shi wata guda in shi ya yarda.

Mataki na takwas: ranar da ya ce zai koma

Za ta zo, galibi da saukar ruwan farko. Kada ka yi masa ƙaryar "sai wata mai zuwa" alhali ka san ba ka da niyya, kada kuma ka ɓoye masa takalmi. Ku zauna a matsayin manya biyu. A kira waɗanda suka koma a ji daga bakinsu, shi ma yana saurare: ana kwana a garin ko wuni kawai ake yi? An sa wa manoma haraji kafin su shiga gona? Hanya tana biyuwa ran kasuwa? Akwai mai sayar da maganinsa a kusa? In amsoshin ba su yi daɗi ba, sau da yawa shi da kansa zai ce a dakata. In gonar ce ke cin ransa, a nemi wanda ya rage a garin a ba shi aro ko noman raba-daidai, tsohon ya zama shi ke ba da umarni ta waya, shi za a kawo wa rabonsa da kaka.

Ko za a koma ko ba za a koma ba, akwai aikin da ba wanda zai iya sai shi, kuma a fara shi tun yana da ƙarfi. Iyakokin gonaki a kansa suke: daga wace tsamiya zuwa wace rijiya, wacce gado ce, wacce jingina ce, wa aka ba aro tun zamanin wane hakimi. Haka basussukan da ake binsa da waɗanda yake bi, da amanar da aka ba shi ajiya, da sunayen kakanni da inda dangi suka warwatsu. A samu jika mai rubutu ya zauna da shi da littafi bayan la'asar, kaɗan-kaɗan, a kuma ɗauki muryarsa a waya. Abin da ya shafi gona da bashi a karanta masa a gaban shaidu biyu daga mutanen garinsu, ya tabbatar, su sa hannu. A yi kwafi biyu, ɗaya a akwatinsa, ɗaya a wurin wani ɗansa da ke wani gari.